Randar Kifin Teku a Ƙofar Zaure

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na nemi auren Hadiza ba, kuma duk ranar da na tuna sai raina ya sake ɓaci, domin har gobe ina nan a kan bakana: dabarata ba ta da aibu, mutane ne ba sa tambaya kafin su ɗaga moɗa.

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Tambuwal. Wani abokina da ke aiki a Legas ya kawo mini tsarabar kifin teku guda biyu, 'yan mitsi-mitsi, masu launin ruwan lemo da ratsin fari, tare da akwatin gilashinsu da gishirin da ake haɗa musu ruwa. Ya gargaɗe ni cewa ba tarwaɗa ba ne: da ruwansu ya ɗumama, sun tafi. Dole in sayi na'urar sanyaya ruwa, kuma in zaɓi babba, tunda ya san zafin garinmu. Ni kuwa na zaɓi ƙarama, don kada ta shanye mini batirin sola (gaskiya kuma don na ƙi jinin ɗan Legas ya koya mini zafin garin ubana).

Zafi na kankama na'urar ta fara nishi. Yini take tana gurnani tana feso iska mai zafi cikin ɗakin, ɗakin ya ɗumama gilashin, ita kuma ta ƙara gurnani. Na kafa fanka a kan ruwan. Ya ɗan yi sanyi, amma yana ta ƙafewa, gishirin yana ƙara kauri, kifayen suna hawowa sama suna haki kamar sun yi tseren gudu.

A nan ne basira ta zo mini. Iyayenmu da me suke sanyaya ruwa? Na sayi sabuwar randa, na cika ta da ruwan gishiri, na girke ta a ƙofar zaure ƙarƙashin darbejiya, inda iska ta fi kaɗawa. Da rana ta take sai in ɗebi mai sanyi in zuba wa kifin, in kwashe mai ɗumi in mayar randa. Abin ya yi aiki, wallahi ya yi. Na rufe ta da faifai saboda ƙura, na kifa moɗa a kai don in riƙa ɗiba. Ban taɓa tsayawa na kalle ta da idon mai wucewa ba: randa a ƙofar gida da moɗa a kai, a wajenmu sadaka ce, kowa ya sha ba sai ya yi sallama ba.

Iyayen Hadiza a Kebbe suke, kuma kafin su ba da ita sai da suka turo ƙanen mahaifinta, Baffa Sahabi, ya ga gidanmu ya ji labarina a unguwa. Dattijo ne mai almajirai, ba a tsallake maganarsa a gidansu. Bai faɗi ranar zuwansa ba. Ya sha hanyar nan a bayan babur da tsakar rana, ya sauka maƙogwaro a bushe, ya ga randa. Ina fitowa daga ɗaki na hango shi ya kafa kai, ya yi bisimilla, ya yi maƙwarwa mai kyau.

Ya fesar, har rawaninsa ya karkace. Ya dubi moɗar, ya dube ni, ya ce a hankali: “Yaro, mi ka sa cikin wanga ruwa? Asiri ka yi min don in ba ka ɗiyarmu?”

Na rantse masa ruwan kifi ne. Wannan ya ƙara dagula lissafi. Ya tambaya tun yaushe kifi ya fara shan ruwan randa, kuma wane kifi ne ke son gishiri tun kafin a dafa shi. Na shigar da shi ɗaki ya ga gilashi, ya ga na'ura tana gurnani, ya ga fanka tana fifita kifi alhali mu muna jiƙe da gumi. Na yi masa bayanin teku tiryan-tiryan kamar ina gaban aji. Ya juya ya nufi ƙofa. Da muka fito maƙwabta sun taru, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda ya tsaya mini. Mai shagon kusa da mu ma cewa ya yi ya daɗe yana mamakin yadda nake zagaya randar nan kullum da azahar ina leƙawa. Mutumin da nake sayen sabulu a wurinsa!

Baffa Sahabi ya cika moɗa taf, ya miƙo mini. “In babu komi ciki, shanye gabana.”

Na dubi ruwan. Na san abin da kifayen nan suke yi a cikinsa, ni ne malamin kimiyya. Na tuna Hadiza, na rufe ido, na shanye tas, ga ɗalibaina biyu a tsaye suna kallo. Sauran yinin dai ni da makewayi muka yi shi, ba sai na faɗa ba.

An ba ni Hadiza, bayan an turo wani daban ya binciki ko akwai taɓin hankali a danginmu. Na kuma sayi babbar na'urar, kamar yadda ɗan Legas ya ce tun farko, na ajiye ta inda zafinta zai fita waje. Abin da na koya ke nan: wanda zai kiwata kifin teku a Tambuwal ya sayi na'urar da ta fi ƙarfin rana, ya bar randa ga masu ƙishirwa. Amma abin haushin bai ƙare ba. Har yau duk baƙon da ya zo mini daga Kebbe, ko ruwan leda na ba shi, sai ya riƙe yana murmushi yana jira in fara kurɓa. Hadiza ma haka.