Audugar da na tura a kunne na je gaban Baffa Garba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa rasa matar aure saboda auduga ta naira hamsin. Ni dai Allah ya yi ni da kunne mara juriya. Ko babur ya yi hon a Gwadangaji, unguwarmu, sai na yini ina jin wiii a kaina.

Lokacin ina neman Asma'u, 'yar Argungu. Mahaifinta ya ce shi ba ruwansa, maganar aurenta tana hannun ƙanensa, Baffa Garba. Idan Baffa ya ce e, an gama. Idan ya ce a'a, sai na koma Birnin Kebbi da kayan gaisuwata. Sana'ar Baffa kuwa hayar lasifika ce, kuma Asma'u ta gargaɗe ni cewa yana ji da kayansa kamar 'ya'yan cikinsa.

Sai ya aiko cewa in zo mu gaisa a wajen wasan da manoman shinkafa suka shirya bayan girbi, an gayyato mawaƙan zamani, shi ne kuma mai kayan sauti. Na ɗauki abokina Bashar muka tafi. A hanya na tsaya kemis na sayi auduga, na cusa ta a kunnuwa biyu, na janyo hula na rufe. (Bashar ya ce na yi kama da mai ciwon haƙori, ban kula shi ba.)

Da muka isa bayan azahar, Baffa ya karrama ni irin karramawar da ba a ƙi. Ya kama hannuna har layin gaba, ya zaunar da ni kusa da shi, dab da wata lasifika da ta fi ni tsawo. Suruki ba ya cewa a canza masa kujera, don haka na zauna ina murmushi. Da aka saki kiɗa, sai da na ji hanjina ya motsa. Ruwan da ke cikin gorar hannuna ma rawa yake yi. Baffa yana ta juyowa yana magana, ni kuma ina ta gyaɗa kai, ban san ko yabona yake ko tambayata yake ba.

Wajen awa ɗaya ina haƙuri, har abin ya ishe ni. Na sunkuyar da kai, na karkata wajen Bashar, na tattara duk ƙarfina don ya ji ni. Abin da ban sani ba shi ne ladan ya fara kiran la'asar a masallacin gefe, kuma an kashe kiɗa kamar yadda aka saba. Ni kunnena yana ta nasa kiɗan. Cikin wannan shirun na kwarara murya:

"Wallahi wanda ya haɗa lasifikokin nan ko dai kurma ne ko mugu!"

Bashar ya taka mini ƙafa. Na ɗago, na ga filin gaba ɗaya ni yake kallo, har mawaƙin da ke kan dandamali. Can cikin mata na hango Asma'u ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma tabbata aure ya tafi.

Mutum ɗaya ne bai ji ba a duk filin, shi ne Baffa. Da ya ga ana kallonmu, sai ya sa yatsu ya zaro wata doguwar auduga daga kunnensa na dama, ya zaro ta hagu, ya dube ni.

"Ɗana, mi kac ce?"

Na so in yi ƙarya, amma shaidu sun yi yawa. Wani tsoho a bayanmu ma har ya gyara murya zai taimaka mini. Sai na cire hula, na zaro tawa audugar, na maimaita maganar kamar mai karanta laifinsa a gaban alƙali.

Baffa ya kalli audugata, ya kalli tasa. Sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce shekara ashirin ke nan yana wannan dabara, ko matansa ba su sani ba, yau ga shi na sa ya tona wa kansa asiri a bainar jama'a. Ya ce jama'a ne ke son ƙara, idan ya rage sai a ce kayansa sun tsufa.

"Tashi mu tai masallaci," ya ce. "Wanda ya gaya min gaskiya ido da ido, ba ni hana shi ɗiya."

Ranar ɗaurin aure ya kawo lasifika shida kyauta ya jera a ƙofar gidanmu, ya kuma miƙo mini ƙullin auduga a gaban abokaina. Har yau ina zuwa wasa da audugata, ban daina ba. Sai dai yanzu kafin in buɗe baki, sai na fara buɗe kunne.