Ƙofar da Na Toshe

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka fasa bangon gidanmu da diga ba, ina tsaye ina kallo.

Layinmu a Tasawa, in damina ta sauka, tabki yake komawa. Amalanke ya kafe, babur ya kafe, yara su tafi lakwal, wato makarantar boko, da takalma a hannu. Da abin ya ishi kowa, sai mai unguwarmu Malam Haruna ya tara mu, aka ce a yi karo-karo a kawo kamiyon laterit, wato babbar mota cike da jar ƙasa, a zuba. Aka yanke cewa duk ƙofar da ke kallon layin za ta biya kaso ɗaya.

Nan na miƙe. (Ni tela ne, amma in na shiga taro sai in ji kamar lauya.) Na ce yaya za a yi ni da ko keken hawa ba ni da shi in biya daidai da masu motocin da ke kwaɓe hanyar? Har yau ina ganin akwai gaskiya a maganata, sai dai na cika mata yaji. Aka yi ta cacar baki, har Malam Haruna ya ɗaga hannu ya ce, "Mai ƙohwa shi biya, magana ta ƙare."

Na ce, "Wanda bai da ƙohwa hwa?"

Aka kwashe da dariya. Ba su san da gaske nake ba.

Bayan gidanmu akwai wani siririn lungu da ko jaki da kaya ba ya bi. Na kira magini ya toshe ƙofar zaure da tubali, ya huda wata 'yar ƙarama ta lungun. (Ladan maginin ya fi kason da aka ce in biya. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba.) Inna, mahaifiyata, tana zaune a tabarma tana kallon aikin. Da aka ɗora tubalin ƙarshe ta ce, "Ɗan nan, ta ƙohwar nan anka shigo da ni ina amarya. Ta ina za ku hidda ni?"

Na ce, "Haba Inna, wace irin magana ce wannan?" Na wuce abina ina jin na yi nasara.

Aka zuba laterit, hanya ta yi jawur, ta yi sumul. Ni kuwa kullum in fito ta lungu, in zagayo, in hau hanyar ina kallon sama kamar ban san a kanta nake tafiya ba. Tsofaffin da ke leƙo Inna hira suka rage zuwa, don ƙafafunsu ba sa iya caɓin lungun. Na lura, na yi kamar ban lura ba.

Da damina ta zagayo, wata safiya bayan ruwa, Allah ya karɓi ran Inna. Mata suka yi mata wanka da sutura. Makarar da aka ɗauko daga masallaci ta shigo a karkace, amma da aka ɗora Inna ba halin karkatawa. Ƙofa ƙarama, ga bangon maƙwabci a gabanta, ba wurin juyawa. Aka gwada ta nan, aka gwada ta can, dattawa tsaye cikin laka har idon sawu. Wani ya fara cewa ko a ɗaga ta saman katanga, bai ƙarasa ba.

Malam Haruna ya aika aka kawo diga. Ya tuɓe babbar riga, shi ya fara saran inda na toshe ƙofar zaure. Tubalina suka riƙa zubowa kan jar hanyar, unguwa duk tana tsaye. Wallahi na so wani ya zage ni, ko na samu sauƙi. "Allah shi jiƙanta" kawai nake ji, ina kuka, ban san ko na rashi ne ko na kunya ba.

A kan hanyar aka sallace ta, busasshiya tas. A kanta aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki.

Da aka tashi makoki na je wurin Malam Haruna da kasona, kaina a ƙasa. Ya tura mini hannuna baya.

"Maida abinka. Inna ta biya tun bara, akuyarta ta saida. Ta ce ƙohwarta tana nan, ruhe ta kawai anka yi."

Ƙofar zaure a buɗe take yanzu, sai dai wadda ta fi kowa sonta ba ta nan. Ni kuma tun daga ranar, in wani wayo ya taso mini, sai na fara auna shi da faɗin makara.