Babban Mutumin Shafin Farko

Ko zan manta da komai na zaman Alƙahira, ba zan taɓa mantawa da jaridar Malama ba.

Lokacin ina koyon Jamusanci a unguwar Ma'adi, burina in samu gurbin ƙaro karatu a Jamus. Malamarmu Bajamusa ce. Wata rana ta zo mana da jaridar garinsu, ta nuna wani dattijo a shafin farko yana musabaha da wani mai kwat, ta ce mahaifinta ne, kuma mako mai zuwa zai leƙo ajinmu.

To ni a sanina, wa ke hawa shafin farko in ba gwamna ko minista ba? Ban tsaya karanta abin da ke ƙarƙashin hoton ba (Jamusancin nawa ma bai wuce gaisuwa ba). Na koma unguwarmu Hayyin Ashir ina hura hanci, na ce wa Sani abokin ɗakina, "Khalas, shi ke nan, tafiyata ta tabbata. Ɗiyar minista ce ke koyar da ni."

Ranar zuwansa na sha babbar riga, na ja Sani ya zo ya shaida. Dattijo na zama na miƙe, na rusuna, na zuba jawabin da na haddace kamar hadisi. Na roƙe shi ya sa baki gwamnatin Jamus ta dube ni.

Malama ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar ta ce, "Babana direban bas ne, ya yi ritaya. Gasar noman kabewa ya ci."

Ashe a can kusan kowane yanki da jaridarsa ta kullum, mai kawo labarin gyaran titi da bikin makaranta da wanda ya rasu. Kabewar ma tana cikin hoton, ƙatuwa, ni na ɗauka ado ce. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon kirki, da ya gama dariya ya dafa ni, ya yi alkawarin aiko min da iri. A jirgin metro Sani ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, ranka ya daɗe. Gurbin karatu dai babu, amma miyar taushe ta samu."

Tun daga ranar, kafin in rusuna wa mutum sai na fara binciken me ya shuka.