Na'urar Ɗantala Mai Rage Hasken Ƙwai

Wani mutum ne a unguwarmu, Ɗantala mai gyaran wuta. In ya buɗe baki sai ka rantse shi ya koya wa walƙiya aiki.

Da ya ji Alhaji Barau na neman wanda zai sa wa sabon gidan bikinsa fitilu, sai ya bazama gari yana cewa ya ƙera na'urar rage hasken ƙwan lantarki. Wai wata 'yar kwamfuta ce kamar kwalin ashana, haɗe da makunnin da ba ya ƙara.

Na'urar kam ya haɗa ta. Amma ko ya murɗa har yatsa ya yi kanta, ƙwan sai dai ya yi fal, ko ya mutu ɗif.

To, wayar wuta ɗaya shagonsa ke ja da gidan Inna Kande mai markaɗe. Duk sa'ad da ta tada injinta, ƙwansa sai ya yi ja kamar garwashi. Gogan ya lallaɓa ya roƙe ta: in ta ji ya yi tari ta kunna, in ya sake ta kashe.

Ranar gwaji Alhaji ya zo da abokansa, shago ya cika maƙil.

Ɗantala ya ce, "Alhaji, amarya na shigowa, sai ka yi haka."

Ya yi tari, ya murɗa. Inji ya ɗauka ƙirrr ta bayan katanga, ƙwai ya yi lumshi.

"Ikon Allah!" in ji Alhaji. "Kai Ɗantala, ashe ba banza kake ba! To, maido da shi."

Ya yi tari. Ƙwai na nan ja wur. Ƙarar inji ta hana Inna ji.

Ya sake. Ya kuma sakewa, har da dafe ƙirji.

"A kawo masa ruwa mana!" in ji Alhaji.

"Bari, Alhaji, lissafi take yi."

Yana tari yana murɗi, gumi sharkaf, har maɓallin ya cire a hannunsa. Can sai inji ya tsaya, ƙwai ya yi fal shi kaɗai.

Inna Kande ta leƙo ta kan katanga, hannu duk ƙullu.

"Kai Ɗantala! Wakena ya ƙare. In baƙin naka na son a sake rage musu hasken, su kawo gero!"