Tamrusha Ce, Ba Tumrusha Ba: Yadda Ake Cin 'Yan Fim da Yaƙi a Kan Wasali Ɗaya

Share hawayenka, ɗan'uwa. In 'yan fim sun ɗauki littafin da ka fi ƙauna a duniya sun yi masa kaca-kaca, to ka faɗo hannun gwani. Ni ne Masta Rafaqat na unguwar Mozang a nan Lahore. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da Urdu, kuma na karanta littafin Sarauniyar Kogin Gishiri sau goma sha ɗaya. Ka bi matakan nan bakwai, na yi maka alkawarin nasara ɗari bisa ɗari, ko kana da gaskiya ko ba ka da ita. A gidana na gwada su, lokacin da fim ya so ya ɓata wa jikata suna.

1. Ka tsani fim ɗin tun kafin ka gan shi

Jira sai ya fito aikin ragwaye ne. Da ka hango hoton talla a bango, ka ja birki a tsakiyar hanya, ka riƙe ƙugu, ka yi salati da ƙarfi yadda mai shayi zai bar tukunyarsa ya zo tambayar wa ya mutu. A littafi jarumar gajera ce, baƙa, da tabo a haɓa, tana hawan gurguwar ɓauna. A bango kuwa sai ga wata doguwa fara sol a kan farin doki. Ina ɓaunar? Ka riƙa tambayar duk wanda ka gamu da shi. Ba mai ba ka amsa, kuma haka ake so.

2. Ka je ka kalla, amma kada ka kuskura ka ji daɗi

Ka zauna a tsakiyar silima don na dama da na hagu su amfana da kai. Duk minti biyar ka ja tsaki ka ce, "A littafi ba haka ba ne." Amma ka yi hattara da wurin da jarumar ke binne ƙanenta a bakin kogi, don ja'iran nan sun yi shi da kyau. Ni a nan na kusa jin kunya. Matata Shagufta ta leƙo fuskata, ta liƙa mini "ji" ɗin girmamawa irin namu, ta ce, "Masta ji, kuka kake yi?"

Na ce barkonon samosa ne.

Ta ce, "Samosar da ni na cinye?"

Saboda haka ka riƙe samosarka a hannunka har a tashi.

3. Ka zaɓi laifi ɗaya ka rungume shi

Mai kuka da laifi arba'in, mutane gajiya suke yi da shi. Guda ɗaya za ka kama, ƙarami, wanda ba mai iya musu da kai a kansa. Rubutunmu na Urdu dai ba a sa masa wasali, mai karatu ne ke sa wa baƙi rai da bakinsa. Shekara hamsin da biyu ina kiran jarumar Tamrusha, da fataha. Sai ga wani a fim ɗin, gashinsa ya sha mai, ya hau tsauni ya kwarma, "Tumrushaaa!" Da rufu'a, jama'a! Wallahi sai da na ji hawan jinina ya motsa.

4. Ka shigo da yaƙin cikin gida

Yaƙin da ya tsaya a teburin mai shayi ba yaƙi ba ne. Tun kafin ɗana Zohaib ya yi aure kowa ya san 'yarsa ta fari sunan jarumar za ta ci. Wata guda da fitowar fim, matarsa Mahrukh ta haifi mace. Takardar rajistar haihuwa kuwa tana da layi na haruffan Turanci, inda wasali ba shi da wurin ɓuya: ko A, ko U. Kwana bakwai gare ni kafin suna.

Mahrukh, wadda ke ce mini Abbu ji, wato Baba, ta ce, "Abbu ji, duk ƙasar nan Tumrusha ake cewa yanzu. So kake yarinya ta yi ta gyara wa mutane sunanta har ta tsufa?"

Na ce, "Duk ƙasar nan ba ta karanta littafin ba, 'yata."

"Ni ai sau uku na kalli fim ɗin."

"Shi ya sa."

Zohaib kuwa ya zuba wa fankar ɗaki ido, ka ce ranar ya fara ganinta.

A wannan mataki ka cika ɗaki da maganar nahawu, kada ka bari su hango ainihin dalilinka. Nawa ga shi, tsakanina da kai. Ina ɗan shekara goma mahaifina ke karanta mini labarin daga mujalla, a saman soro bayan la'asar, wata bayan wata. Tamrusha yake cewa. Ba ni da muryarsa a kaset, ba ni da ita a ko'ina sai a cikin wannan fatahar, kuma na ji tsoron a ƙwace mini ita.

5. Ka nemo shaidar da ba ta ƙaryatuwa

In marubucin yana raye, ka tafi wurinsa da ƙafarka. Na shaida wa gida cewa duk abin da ya faɗa shi za a rubuta, Mahrukh ta yarda, na hau mota zuwa Multan da kwalin kayan zaƙi a cinya. Na tarar da Mirza Sahib, marubucin, a tsakar gidansa yana shan hantsi, ya haura tamanin da biyar, kunne ɗaya ya yi ritaya.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, Tamrusha ce ko Tumrusha?"

Ya kawo kunnen mai aiki, na maimaita. Sai tsohon nan ya fashe da dariya har da tari.

Ya ce, "Ɗana, Namrusha na rubuta. Da nun, mai ɗigo ɗaya. A lokacin da hannu ake kwafe mujalla, sai alƙalamin mai kwafen ya ɗiga tawada kusa da ɗigon, ya zama biyu, nun ya koma ta. Kafin in farga an buga dubu ashirin. Sai na ce a bar ta haka, wa zai damu?"

Wa zai damu! Na zauna daɓas a ƙasa. Ashe ni da mahaifina da 'yan fim duk ɗigon tawada muke bi. Shi kuwa ya buɗe kwalin ya fara ci, yana yaba wa farin dokin.

Shawarar gwani: kada ka tafi da rakiya irin wannan tafiya.

6. Ka dawo da rabin gaskiya, rabin da ke da amfani

Ƙarya haramun ce, kuma ba ka bukatarta. Awa biyar na hanya sun ishe ka ka auna kalmominka. Na shigo gida an taru ana jira, Mahrukh na rungume da jaririya.

Ta ce, "Abbu ji, me ya ce?"

Na gyara hula, na dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Na rantse da Allah, ya ce ba Tumrusha ya rubuta ba."

Mahrukh ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yafe mini, Abbu ji, na yi maka gardama a kan abin da ka fi ni sani." Ta miƙo mini jaririyar. A nan fa za ka ji kunya ta taso maka. Ka haɗiye ta kawai, ai ba ta kisa.

Shagufta ta daɗe tana kallona ta gefen ido. In taka matar irin tawa ce, ka ce tafiya ta gajiyar da kai, ka shige ɗaki.

7. Ka sa a rubuta kafin wani ya yi tunanin buga waya Multan

Ranar suna a yanka akuya da wuri, a aske kan jaririya, kai kuma ka karɓi takardar ka cika ta da hannunka. Na rubuta A ɗin nan da girma, na bi ta kansa sau biyu. Tamrusha Zohaib. Hukuma ta buga hatimi, magana ta ƙare.

Gargaɗi

Mai wannan jagora bai ɗauki alhakin hawan jini, gabar surukai, ko duk abin da wani tsoho zai faɗa maka a Multan ba. Wanda ya kai wa Mahrukh wannan jagora, ni da shi sai a gaban Allah. Nasarar da na yi maka alkawari kuma ta takarda ce, ban ce ta baki ba. Jikata yau watanta biyar, kuma tun sati na biyu uwarta ta yanke mata sunan gida, Tumi. Da rufu'a. Ubanta Tumi, kakarta Tumi, mai kawo madara ma Tumi. Ni kaɗai na tsaya a kan Tamrusha, ita kuwa ko juyowa ba ta yi. Jiya da hantsi aka bar ni da ita, na duba ba kowa a tsakar gida, na matso na ce a hankali, "Tumi."

Ta juyo, ta yi mini dariya.