Ranar da Tsalha Ya Kamo Kukan Haihuwar Duniya

Wani mutum ne a nan unguwarmu, Tsalha, mai ɗaura wa mutane farantin satalayit. Shi ya raɗa wa kansa suna Furofesa, ko zakara ba a yanka ba. In ka ce masa ina kwana, sai rana ta take bai kai ga lafiya lau ba. Baki gare shi kamar reza. Hannu kuwa, duk gidan da ya ɗaura wa faranti, iska na kaɗawa za ka hango maigida a kan katanga yana juyawa, matarsa daga ƙasa tana ce masa ya kawo, ya ɗauke.

Wannan mutum shi ya shigo zawarcin 'yata Lantana. Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu, tana koyarwa a firamare. Bazawara ce, zaɓi nata ne, amma ta ce ba za ta amsa wa kowa ba sai na sa albarka. Ni kuwa al'adar gidanmu ɗaya ce tun kakanni: ba ma ba mutum mace sai mun ga aikin hannunsa. Mijin yayarta ƙofa ya sassaƙa ya kawo, ga ta can har yau gara ba ta taɓa ta ba. Mijin autata gonarsa ya kai ni, na bi ta kunya kunya da ƙafata. Jikokina ne za su ci daga hannun mutum, ba zan miƙa su ga iska ba.

Abin da ya tafi da hankalin Lantana shi ne zancen sama. Wasu in sun zo zawarci tsire suke riƙowa. Tsalha karatun farkon duniya yake riƙowa, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa ina ji. Wai duk abin nan da ido ke gani, rana, wata, taurari, har da waɗanda ido bai kai gare su ba, da can a dunƙule suke wuri guda, ko ƙwayar gero bai kai ba, da zafin da wutar maƙera ƙanƙara ce a kansa. Sai abin ya buɗe, ya yi ta faɗi yana hucewa kamar kunun da aka juye a babban kwano, har 'yan ƙura-ƙuran ciki suka samu zarafin haɗuwa. Aka jima ƙwarai cikin duhu kafin tauraro na farko ya kama wuta. Wai har gobe faɗin yake yi, garken taurari suna ta nisa da juna kamar riɗi a jikin ƙullin da ya sha yis. Shekara biliyan goma sha uku da ɗoriya, in ji shi, yana faɗa yana shafa gemu kamar da shi aka yi.

Na tambayi Lantana, ta ce gaskiya ne, haka yake a littattafai, masana sun auna. Na tambayi limaminmu Malam Ilu, ya ce Mai halitta dai ɗaya ne, yadda Ya yi kuwa, wanda aka ba ilimin dubawa ya duba. To ban musa ba. Ba na musun inda ban je ba. Abin da na ce shi ne, wancan aikin Allah ne, awon kuma na masu awo ne. Ina na Tsalha?

Da maganar ta koma kunnensa, sai ga shi da sassafe ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ya ce ɗumin wancan zafi na farko bai gama ɓacewa ba, yana nan ko'ina, kuma shuuu ɗin nan da tsohuwar talabijin ke yi in babu tasha, akwai ɗan ɓurɓushinsa a ciki. Na dubi Lantana, ta gyaɗa kai, wai wannan ma haka yake. Da ya tsaya nan, da ya tashi da mutuncinsa. Amma baki shi ke yanka wuya. Ya ce ai shi ya ƙera na'urar da ta fi ta Turawa. Su shuuu kawai suke ji, shi kuwa zai kamo ainihin ƙarar buɗewar, kukan haihuwar duniya da kansa.

“Inna, ranar Asabar bayan la'asar, a kan rufin ɗakinki. Ki tara duk wanda kike so.”

“Za a tara,” na ce.

Ban ma wahala ba, shi ya bi gida gida da bakinsa. Ranar Asabar gidana ya cika maƙil, maza a benci, mata a tabarma, wasu a kan katangar maƙwabta. Malam Ilu ya zo, aka ba shi kujera. Tsalha ya iso cikin babbar riga mai sitaci, tana ƙarau ƙarau. Ya aro tsani a wajen magina. Ya hau da faranti da ya manne da takarda mai ƙyalli, ya hau da lasifikar biki mai batir, ya hau da wani akwatin katako da kwaɗo a jiki. Ya juya farantin gabas, ya juya shi yamma, ya lashi yatsa ya ɗaga sama. Ya buɗe akwatin ya taɓa wani abu ya rufe ƙaras. Da ya sauko, sai ya sa aka mayar wa magina tsaninsu, wai itace a kusa yana jagula saƙon sama. Gudu yake kar wani mai karambani ya hau ya leƙa akwatin.

Kowa ya kasa kunne. Can sai muka ji tuf. Tuf tuf. Tuf tuf tuf tuf. Sai gurrrrrr, har kwanon rufi na rawa. Kajina suka watse. Mata suka toshe wa goyonsu kunne. Malam Ilu ya ciro carbi.

Tsalha ya fito tsakiyar fili yana tafiyar ƙasaita, yana nuna sama da baki. Ya ce wannan ita ce daƙiƙar farko. Da ƙarar ta ɗan sauya, ya ce ga zafi nan yana sauka. Da ta yi ƙir ƙir, ya ce ƙura ce ke haɗuwa, mu saurara da kyau, Bature bai taɓa jin wannan wurin ba. Na saci kallon Lantana, idonta na ƙyalli. Ni kaina har na fara tunanin wanda zan aika wajen baffanninta.

Sai ƙarar ta lafa kaɗan, wani ya yi tari a ciki. Tsalha ya ce hayaniyar taurari ce. Bai rufe baki ba, murya ta fito daga lasifika, rangaɗau, muryar da ko kurman unguwa ya haddace:

“Ɗan'azumi, ƙara masa wuta mana. So nake ya yi ruri kamar sama za ta faɗo.”

“Haba Furofesa, waken mutane ne a ciki. In bel ya tsinke kai za ka saya?”

Ɗan'azumi shi ne mai injin markaɗe na bakin kasuwa. Yana nan zaune a benci, ya ja hularsa har hanci. Ashe wayar Tsalha ce a cikin akwatin. Ƙarar injin Ɗan'azumi ya je ya naɗo a wayar, ya saurari farkon ya ji ya yi, bai damu ya ji ƙarshen ba.

Tsalha ya juya neman tsani, tsani ya koma gidansu. Ya yi tsalle zai kamo bakin rufi, babbar riga ta harɗe shi, tim. Ya tashi ya cire takalmi ya jefi lasifika, ya samu faranti, tan. Ya cire ɗayan ya jefa, ya faɗa gidan maƙwabta, wata akuya ta amsa. Farkon duniya kuwa bai fasa magana ba. Muna ji ana cinikin barkono. Muna ji wata na cigiyar murfin bokiti.

Sai wata tsohuwa ta buɗe murya a ciki. Mutane suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Ni ce. Ranar Alhamis na kai waken alale inji, na tarar da wani ƙato da takunkumi da baƙin tabarau ya tare hanya, ya kara waya a jikin inji. Ban gane shi ba, shi kuwa da ya gane ni sai ya kawar da kai. Ga abin da unguwa ta ji daga kan rufi:

“Kai mai takunkumi. Kai ba niƙa ka kawo ba, kai ba aiki kake yi ba, ka tsaya wa mutane kamar turken jaki. Matsa ka ba masu abin yi wuri.”

Wani ya faɗo daga benci. Malam Ilu ya cusa baki cikin rawani, kafaɗunsa na rawa, ya ce bari ya je ya sake alwala. Lantana ta miƙe ba ta dubi kowa ba, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na ɗauka mutumin nan zai nemi ƙofa. Ina. Ya kakkaɓe riga, ya zo ba takalmi ya durƙusa a gabana, ya ce layi ne ya haɗu, ko a Turai hakan na faruwa. Ya rage murya.

“To Inna, maganar Lantana fa?”

Na ce, “Ai ka ji amsarka, ɗan nan. Kai da bakinka ka ce daga farkon duniya ta taho. Maganar da na yanke tun shekara biliyan goma sha uku, ba yau zan sauya ta ba. Matsa ka ba masu abin yi wuri.”