Ƙafa Ashirin da Biyar a Agege

Ba zan taɓa mantawa ba da makon bikina, kuma ba daɗin angwanci ne ya sa ba. Lokacin ina koyar da lissafi a wata 'yar makarantar kuɗi a Agege. Duk layinmu Tisha ake kirana, ni kuwa ina amsawa ina hura hanci. Ɗaki ɗaya nake haya, a irin gidajen nan na Legas masu dogon lungu a tsakiya, ƙofa na kallon ƙofa. Amaryata Rabi kuma daga Kano za a kawo ta.

Saura wata guda biki, gwaggonta Hajiya Talatu ta kira ni a waya. Ita ke kula da kayan ɗaki, kuma mace ce da ko gaisuwa ta amsa maka sai ka ji kamar ka yi laifi.

"Malam, an ce ɗakunan Ikko kamar akurki suke. Auno mana naka, kafinta na son ya san ƙafa nawa ne, kada mu yi ɗaukar banza."

Na ce, "An gama, Gwaggo."

Abin nema ya samu, yau surukai za su san malamin lissafi suka ba 'ya. Na aro doguwar rular allo daga makaranta, mai mita ɗaya. Tsawon ɗaki ya ba ni santimita ɗari uku, faɗi ɗari biyu da arba'in. To, kafintocinmu ba ruwansu da santimita, ƙafa da inci suka sani, don haka dole in juya. Sai na tuna cewa goma sha biyu ke yin ƙafa ɗaya. Goma sha biyun me? Ban tsaya tambayar kaina ba (inci ne, jama'a, inci, yanzu ko daga barci aka tashe ni zan faɗa). Na raba ɗari uku gida goma sha biyu, na sami ashirin da biyar. Na raba ɗayan, na sami ashirin. Duka suka fita cif ba ragowa, abin da ya ƙara mini ƙwarin gwiwa ke nan.

Da na faɗa wa Gwaggo sai ta yi salati. "Ashirin da biyar da ashirin? Kai, ɗana ya yi ƙoƙari! Wannan ai ya fi falon maigidana Alhaji."

Mai hankali a nan zai tsargu. Ni godiya na yi.

Ranar Talatar makon biki, ina gaban allo ina koya wa 'yan aji biyar ma'auni, na kwafo daga littafi cewa ƙafa ɗaya kusan santimita talatin ce. Alli ya tsaya a hannuna. Ɗari uku gida talatin, goma. Ɗari biyu da arba'in, takwas. Ɗakina ƙafa goma ne da takwas! Ban san yadda na ƙarasa darasin ba.

Motar kaya sai Alhamis za ta taso daga Kano. Kira ɗaya ya isa a rage kaya. Na ɗauki waya ya fi sau goma, ina zuwa kan sunan Gwaggo sai in ji muryarta a kunnena, in ajiye. Ina cikin haka Rabi ta kira da murnarta.

"Ka san Gwaggo ta sa an ƙara kaya? Gado shida da shida, wadirob mai ƙofa huɗu, madubi, har da saitin kujeru. Ta ce tunda akwai fili, kada ɗaki ya zauna wayam."

Na ce, "Madalla."

Sau uku na sake auna ɗakin nan, kamar zai ji tausayina ya miƙe. Na tambayi mai gidanmu, wata dattijuwar Bayarabiya da muke kira Iya Sikiru, ko akwai ɗakin da ba kowa, ta ce ko na ajiye tsintsiya babu. Har na kama kaina ina roƙon Allah ya sa kafintan ya yi halin kafintoci, ya saɓa alkawari. Sai aka yi rashin sa'a mutumin kirki ne.

Asabar da hantsi mota ta tsaya a bakin layi, Gwaggo da 'yan jere uku suka sauko daga wata a bayanta. Aka fara sauke kaya. Maƙwabta suka fito, masu okada suka kashe baburansu suna kallo. Iya Sikiru, da 'yar Hausarta ta zaman Agege, ta ce, "Tisha, duka wannan kaya na ɗaki naka? Abi ka saya gida ba ka faɗa?"

Na yi gaba da makulli. Na buɗe. Gwaggo ta leƙa, ta gyaɗa kai.

"To, mun ga sito. Ina ɗakin?"

"Shi ne, Gwaggo."

Ta cire takalmi, ta jingina dugaduganta da bango, ta fara takawa, diddige na taɓa yatsa, tana ƙirgawa da ƙarfi. Lungu ya cika maƙil. A goma sha biyu ta ci karo da bango.

"Goma sha biyu, da 'yar ƙafata ta mace. Malam, ina sauran? Ko suna ɗakin maƙwabta?"

Na fara in-ina, ina bayanin santimita da inci. Ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya. Wai me ma aka ce kana koyarwa?"

Kafin in buɗe baki, Iya Sikiru ta taimake ni daga bakin ƙofa, da muryar da ta kai titi: "Lissafi ne, Alhaja!"

Dariyar da aka yi a lungun nan, da ƙasa za ta tsage da na shige. Gwaggo kaɗai ce ba ta yi ba. Ta tambaye ni yaushe na gane kuskuren. Ƙarya ta ƙi zuwa, na ce Talata.

Ta ce, "Mota kuma Alhamis ta taso."

Wallahi wannan ta fi dariyar ciwo.

Gado ya shiga da kyar, ya bar 'yar hanyar da sai a karkace ake bi. Wadirob ya toshe taga, ƙofa biyu kawai ke buɗuwa. Kujeru da madubi kuwa, a motar da suka zo suka koma Kano, Rabi ko zama ba ta yi a kansu ba. Ta yi fushin kwana biyu, na kuma san na cancanta. Yanzu suna falon Gwaggo, duk zuwan da na yi gaisuwa sai ta nuna mini babbar ta ce, "Zauna, Malam, ai taka ce."

Daga ranar na bar rubuta lamba ba tare da sunan ma'auninta ba. Amma babban karatun ba na lissafi ba ne: kunyar da ka ƙi ji a waya kai kaɗai, a babbar mota za ta zo ta same ka, a sauke ta gaban 'yan unguwa.